Kifayen da Suka San Hular Baffa

"Ni fa ido gare ni!" in ji Baffa, yana dukan ƙirji a tsakiyar falo. "Kallo ɗaya nake wa mutum in karanto abin da ke cikin hanjinsa. Yaron nan mai yankan gilashi, rowa ce kwance a goshinsa. Mai yaudarata ba a haife shi ba tukuna!"

Baffa ƙanin Abba ne. Tun da ya yi ritaya ba shi da sana'a sai jar hularsa, da rediyonsa, da shawarar da ba wanda ya tambaye shi. Yaron da yake nufi kuwa Mai-Gilashi ne, saurayin Auta, wanda ya kawo wa gidan kyautar akwatin kifi da ya harhaɗa da hannunsa.

Abba ya dubi akwatin ya ce wa Mai-Gilashi, "Wannan zan zuba wa ido. Wanda ya iya riƙon ƙaramin rai zai iya riƙon babba. In ya yi kyau, ka turo manyanka. In ya lalace, ka san hanyar da ka biyo."

Auta ta ƙura wa akwatin ido. Wato aurenta ne a cikin gilashi!

Mai-Gilashi ya durƙusa ya kama aiki. Ya wanke tsakuwa har ruwan wankin ya fita fes, ya zuba ta da tudu ta baya, gangare ta gaba. Ya kafa duwatsu da wata busasshiyar saiwa, ya riƙa dasa ciyawar ruwa da dogon hantsaki, dogayen a baya, gajerun a gaba. Ruwan ma a kan faranti ya tsiyaye shi don kada ya tone shukar.

Umma ta leƙo. "To ina kifin?"

"Sai ruwan ya kwanta, ciyawar ta kama, Umma. Zai ɗauki 'yan makonni."

"Kun ji ko!" in ji Baffa. "Akwatin kifi ba kifi. Auta, haka zai kai ki gida, ga tukunya ba wuta!"

Da lokaci ya yi, kifaye suka iso, 'yan mitsi-mitsi masu ƙyalli. Mai-Gilashi ya kafa doka ɗaya: abinci ɗan mintsili sau ɗaya a rana, kuma Auta kaɗai za ta bayar. Baffa ya kalli mintsilin, ya kalli Abba, ya taɓe baki.

Ba a jima ba ruwa ya fara canzawa. Ya yi fari kamar na wankin shinkafa, gansakuka ta rufe gilashi, wari ya fara gaida baƙi tun daga ƙofa. Wata safiya aka iske kifi ɗaya ya juya ciki sama.

Shi ke nan, gida ya rikice! Umma ta ce Auta ce ke ɗura musu abinci saboda zumuɗin soyayya. Auta ta fara hararar gwangwanin maganin sauro da Umma ke fesawa. Yaya Babba ta ce dama marasa lafiya Mai-Gilashi ya sayo don sun fi araha. Kowa ya shiga falo sai ya ji ido a bayansa.

"Baffa, ko ka ga wani yana taɓawa?" Auta ta tambaya.

"Ni? Ni da ƙarni? Ko inuwar abin nan ban taɓa takawa ba, 'yata. Na dai gaya muku tun farko."

Da yamma Mai-Gilashi ya zo. Ya buɗe filtar da ke tace ruwan, ya ciro wani farin abu mai danƙo, ya shinshina, ya dunƙule shi a hannu.

"Mene ne?" in ji Auta.

"Ba komai."

"Ba komai? Wallahi kai ma na fara zarginka! Ko so kake ya lalace ka samu hanyar guduwa? In ka gaji da ni ka faɗa kawai, ba sai ka kashe kifi ba!" Hawaye shar-shar.

"Haba Auta, sori mana. Wani na zuba musu abin da ba nasu ba, wannan na sani. Amma gidanku ne. In na nuna wani da yatsa ba shaida, ko na gyara ruwan, na rasa gidan."

Ya koma kan aikinsa. Kullum ya tashi daga shago sai ya zo ya rage ruwa kaɗan, ya ƙara sabo, ya goge gilashi, ya gaida kowa har da mai hararsa. Ruwa ya ɗan washe, washegari ya sake ɓaci.

Auta kuwa ta lura da wani abu. In ta kawo mintsilinta, kifayen ko kallonta ba sa yi, sai ka ce waɗanda suka dawo daga gidan biki. Amma ranar da ta wuce ɗauke da jan bokiti, sai ga su duka a jikin gilashi, baki buɗe! Ta tsaya cak. Ta dubi bokitin. Ta dubi ƙofar ɗakin Baffa. Ta wuce da bokitinta.

Ranar hutu Abba ya tara kowa, ya sa aka kira Mai-Gilashi. Fuskarsa ba annuri.

"Samari, na ba ka lokaci, ga kuma abin da…"

"Abba, alfarma ɗaya," Auta ta durƙusa. "Kowa ya zo ya tsaya gaban akwatin nan tukuna. Kifi ba ya manta mai ba shi abinci."

Abba ya tashi ya tsaya. Kifaye suka ci gaba da harkarsu. Umma ta tsaya, shiru. Yaya Babba har da ɗaga musu hannu, ba wanda ya kula ta.

"Saura Baffa."

"Gwiwata ciwo take."

"Tashi mana," in ji Abba. "Ai kai ke da ido, zo ka gano mana mai laifi."

Baffa ya taso yana jan ƙafa. Jar hular nan na kusantowa, ruwa ya kama ɓul-ɓul! Kifaye suka yo kansa gaba ɗaya, suna hawan juna. Ya matsa dama, suka bi shi. Ya matsa hagu, suka bi shi.

"Kai! Ku tafi, ban san ku ba!"

Ya fizge hular don ya ɓoye ta a bayansa, sai ga gutsattsarin biskit suna zubowa daga cikinta, wasu a kafaɗa, wasu a gemu.

Umma ta toshe baki da mayafi. Yaya Babba ta faɗi kan kujera tana riƙe ciki.

"Yunwa… yunwa yake kashe su da ita!" Baffa ya kama in-ina. "Tausayi ne!"

Abba ya juya wajen Mai-Gilashi. "Ka sani?"

"Na ga biskit a filta, Abba. Ban ga hannun ba."

"Shi ya sa ka yi shiru, kana ta kwasar ruwa." Abba ya jinjina kai. "Ku ji ni duka. Zargi ba shaida ya fi biskit ɓata ruwa, haƙuri kuma shi ke washe shi. Samari, je ka turo manyanka."

Auta ta rufe fuska da tafin hannu, wannan karon ba kuka ba ne.

Abba ya dubi ƙaninsa, ya nuna gilashin. "Kai kuma, mai ido, gyara tsayuwa. Iyalinka na jiran abinci."