Shuɗin Bangon Inna

Rumasa'u na tsugune a tsakar gida tana tankaɗen garin masara aka banko ƙofa. Mama Debby ce, maƙwabciyarsu, riƙe da hannun Inna, uwar mijin Rumasa'u. Hijabin tsohuwar ya jiƙe sharkaf da gumi, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Amarya, karɓi mamanki!" in ji Mama Debby. Auren ya shekara biyu amma har yau amarya take ce mata. "Can bayan cocinmu na tsince ta tana ƙwanƙwasa ƙofar mutane. Abeg, ku daina barinta tana fita ita kaɗai!"

Sai da Mama Debby ta tafi, Inna ta sha ruwa numfashinta ya daidaita, sannan ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa kamar yarinyar da ta yi laifi.

"Daga Islamiyya nake, 'yar nan. Layin nan da nake bi tun kafin a haife ki. Na zo na wuce, na dawo na wuce, ban ga gidana ba."

"Subhanallahi! Inna, idon ne?"

"Idon ne, kuma bangon ne. Da can shuɗinsa nake hangowa tun daga bakin titi. Yanzu duk gidajen layin sun zama launi ɗaya a idona."

Gidan tsoho ne, ɗaki uku da zaure, a cikin Nasarawa. Marigayi Malam Yahaya ya gina shi zamanin da yake aiki a sashen rini na wata masaƙa a Kakuri, kuma duk shekara kafin babbar Sallah da hannunsa yake shafe bangon waje da wani shuɗi mai haske da shi yake haɗa kayansa. Tun da ya rasu ba wanda ya sake ɗaga burushi. Damina ta ci gindin bangon, gansakuka ta hau, fentin ya ɓare ya bar toka-toka, ga wata tsaga da ta taso daga ƙasan taga har kusa da kwanon rufi. Ita kuma Inna likita ya riga ya faɗa: hawan jinin ido ne, abin da ya rage mata sai haske da launi.

Inna ta kamo hannun Rumasa'u ta matse. "Ki rufa mini asiri. In 'yata Larai ta ji na ɓata, gobe-gobe za ta kwashe ni zuwa Barnawa, gidan nan kuma a sa shi a kasuwa. A ɗakin nan Malam ya cika. Ki yi mini alkawari ba za ki gaya wa kowa ba, har mijinki."

Rumasa'u ta yi alkawari. Ta roƙi Mama Debby ma ta yi shiru.

Mijin nata, Zakariyya'u, yana can Fatakwal yana tuƙa motar wani kamfani, sai Sallah-Sallah ake ganinsa. Aurensu na soyayya ne, tun tana makarantar koyon ɗinki yake tare ta a bakin Kasuwar Barci da ledar lemo. Yanzu soyayyar ta koma cikin waya. Kullum bayan isha'i zai kira, ya ce, "Ruma tawa, me kika ci?" Wannan kiran shi ne abin da take jira tun safe, don gidan shiru ne da shi, daga ƙarar kekenta na ɗinki sai tarin Inna.

Da damina ta wuce, ta tattara abin da ta samu a ɗinkin anko ta kira Bulus mai fenti. Ya zagaya bangon yana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa. "Madam, sai an kankare tsohon duka, a toshe tsagar nan da siminti, a bari ya bushe. In ba haka ba damina ɗaya zai zubo."

Ƙarfinta bai kai ta biya shi duka aikin ba, don haka suka raba: shi siminti da hawa tsani, ita kankara da shafe ƙasa. Da sassafe kafin layi ya cika take fitowa da hijabi da tsohon zane, tana kankara har tafin hannunta ya yi kanta. Launin ma sai da aka sha fama. Bulus ya ɓamɓaro wani ɓawon tsohon fenti daga ƙarƙashin taga inda rana ba ta taɓa shi ba, suka yi ta ƙara fari suna motsawa a bokiti, suna shafawa a kwali suna kai wa Inna kusa da fuska. Ta ce a'a, ta sake cewa a'a. Can sai hawaye ya gangaro mata.

"Shi ne," ta ce. "Wannan na Malam ne."

A nan fa Rumasa'u ta tafka kuskurenta, kuskuren yarinyar da ta tashi a gidan haya. Ba ta san cewa gidan da ba a raba gadonsa ba, ko ƙusa ba a bugawa sai an tambayi manya. Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye mu, bango zai shekara goma yana rubewa ba wanda ya kula, amma ran da wani ya shafa masa fenti, ranar kowa zai tuna yana da kaso.

An gama gefen ƙofa kenan, rabin fuskar gidan ta yi shuɗi, sai ga motar Anti Larai, yayar Zakariyya'u, ta tsaya a ƙofar gida. Ta fito tana gyara gyale, ta dubi bangon, ta dubi Rumasa'u da burushi a hannu.

"Iye! Sannu mai gida! Yaushe aka raba gadon ban sani ba?"

"Anti, sannu da zuwa. Na ga bangon ya lalace ne—"

"Kin ga ya lalace! Ubanki ne ya gina? Mun san wannan wayon. Yau fenti, gobe a ce mu muka gyara, jibi a ce gidan Zakari ne shi kaɗai. To wallahi kin yi kaɗan!"

"Anti, don Allah ki saurare ni, ba haka—"

"Rufe mini baki! Kin samu tsohuwa ba ta gani, kin samu miji sakarai, shi ne za ki cinye mu da rai?"

Inna ta fito tana lalube, ta ce, "Larai, ni na ce a yi." Amma da 'yarta ta tambaye ta dalili, sai ta kau da kai. Rumasa'u ta dube ta, ta ga tsoron da ke fuskarta, ita ma ta haɗiye maganar.

A ranar, Larai ba ta bar gidan ba sai da Inna a bayan mota, wai ba za ta bar uwarta a hannun mai juya ta ba. Washegari ta aiko wani mutum da gwangwanin jan fenti, ya rubuta manya-manya a kan sabon shuɗin: GIDAN MAGADA NE. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya karanta, ya leƙa zaure.

Da yamma Zakariyya'u ya kira. Babu "Ruma tawa."

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa, Yaya Zakari."

"To me ya sa ba ki gaya mini ba? Kullum muna waya! Kin san abin da dangi suke cewa? Wai ni na turo ki, wai mun haɗa baki mu danne 'yan'uwana mata. Ki gaya mini dalili ɗaya, Rumasa'u, ɗaya tak, in kare ki da shi."

Dalilin na nan a kan harshenta. Ta tuna yadda Inna ta matse mata hannu. In ta faɗa, ta wanke kanta, amma Inna ba za ta sake kwana a ɗakin Malam ba har abada.

"Na ga ya lalace ne," ta ce, tana kuka.

"Shi ke nan. Ki ajiye burushin nan, kada ki ƙara taɓa bangon. In na zo ƙarshen wata zan san matsayinki a gidan nan." Ya kashe wayar.

Daga ranar waya ta daina ƙara. Rumasa'u ta rufe bokitin fenti ta tura shi ƙarƙashin gado. Ta kan dafa abinci na mutum biyu bisa sabo, sai ta zuba sannan ta tuna. Ta kan share ɗakin Inna, ta kaɗe dardumarta, ta zauna a bakin gadon ba ta san me take jira ba. Kewar mijinta ta dame ta, haushinsa ma ya dame ta, don ta ɗauka ya san ta fiye da haka. Masu kawo ɗinki suka ragu, waɗanda suka zo kuma gulma ce ta kawo su.

Mama Debby ce kaɗai ke leƙowa. "Amarya, this one no good o, wannan bai yi ba. Bari in je in faɗa musu abin da na gani da idona!"

"A'a Mama, na yi wa Inna alkawari."

"Alkawarin da zai kashe miki aure?"

"Allah yana gani," ta ce, ta ci gaba da taka keke.

Ranar da Zakariyya'u ya iso, Barnawa ya fara sauka. Bai tarar da zaman shari'ar da aka shirya masa ba, sai kururuwa. Inna ta fita tun hantsi, mai gadi ya ɗauka maƙwabta ta shiga, ga shi har an yi azahar babu ita. An duba masallaci, an duba asibiti, an tambayi masu shago. Larai ta yar da gyale tana ta kiran waya tana kuka. Daga ƙarshe ita da Zakariyya'u suka nufo Nasarawa, ko da wani ya gan ta.

Rumasa'u na jin labarin ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Tun yaushe?" Ta zari hijabi za ta fita nema, ko kallon mijin da ta yi wata tana jira ba ta tsaya yi ba. Suna zaure kenan sai ga Keke Napep ya shigo layin a hankali, ya zo daidai ƙofar ya tsaya.

"A nan ne, ɗana, tsaya!" Muryar Inna ce. "Ga shi can, na gan shi!"

Mai Keken ya sauko yana share gumi. "Alhaji, mamarku ce? A bakin titin Barnawa ta tare ni. Na ce ina za ki, ta ce Nasarawa. Wane layi? Ta ce sunan ya ɓace mata, amma gida ne mai shuɗi. Wallahi layi-layi muka bi, ta leƙo da kai tana duban bangwaye. Ni har na fara tunanin kai ta ofishin 'yan sanda, sai ta hango wannan."

Inna ta taka da kanta, ba ta yarda kowa ya riƙe ta ba, har ta kai tafin hannunta kan bangon. Ta shafa shi, ta shafa har kan jan rubutun da ba ta iya karantawa.

"Wannan jan kuma na mene ne?"

Larai ta sunkuyar da kai.

Nan a ƙofar gida, gaban Mama Debby da mai Keke da duk wanda ya taru, Inna ta faɗi komai: ɓatan da ta yi, tsoron da ta ji, alkawarin da ta ɗora wa yarinya. "Ni na ɗaure mata baki. Kuka zage ta, kuka rubuta mata abin kunya a bango, ta yi shiru don kada a raba ni da ɗakina. Ku da na haifa, wa ya taɓa tambayata yadda nake gane ƙofar gidan nan?"

Larai ta fashe da kuka. "Inna, ban sani ba... wallahi na ɗauka gidan take so." Ta juya wajen Rumasa'u. Ba ta saba ba da haƙuri ba, sai da ta yi kamar za ta fasa. "Ƙanwata, na zalunce ki. Ki yafe mini."

"Ba komai, Anti. Ni ma da na sani da na fara zuwa wajenki."

Zakariyya'u ya kamo hannayen matarsa ya juya su, ya ga kantar da kankara ta bari, idonsa ya kawo ruwa.

"Ruma tawa," ya ce a hankali. "Ina sauran fentin?"

"Yana ƙarƙashin gado. Ka ce kada in taɓa."

Da kayan tafiyarsa a jiki ya fito da bokitin. Jan fenti mugun abu ne, sai da aka kankare shi aka bi da fari kafin shuɗi ya rufe shi, aikin ya ɗauke su kwana biyu. Bulus ya dawo da tsaninsa, Larai ta aiko da ƙarin bokiti daga Barnawa, maganar sayar da gida kuma ba a sake tayar da ita ba.

Ku masu karatu, musamman 'yan mata da samari, ku riƙe wannan. Kafin ku yanke wa mutum hukunci a kan abin da ya yi, ku nemi sanin don wa ya yi shi, domin zargi ya kusa raba auren da babu laifin kowa a cikinsa. Wanda kuma ya riƙe amana ya yi haƙuri, ko duk dangi sun juya masa baya, Allah ba zai bar shi ba.

Ran Asabar da ta biyo baya, Inna ta tafi Islamiyya. Rumasa'u ta fito zaure ta laɓe tana leƙe lokacin tashin makaranta. Ta hango tsohuwar ta shigo layin da sandarta, ta ɗaga kai sau ɗaya, ta miƙo kai tsaye har ƙofa.

"'Yar nan, na gan ki," in ji Inna. "Koma ciki, na san gidana."