Tambaya Ta Uku

Ƙarfe shida da kwata na kowace safiya Sallamau ke fara aiki. A hawa na talatin da ɗaya na ginin Sadarwar Gawo akwai allo mai faɗin bango, cike da ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo gida ne. Cikin minti huɗu na'urar takan kai gaisuwa miliyan tara, kowacce da muryar mai ita. Ɗa ya gaida uwa, ƙane ya gaida wa, suruki ya gaida surukai, alhali masu muryoyin suna wanka ko suna neman takalmi. Duk gidan da aka amsa da lafiya, sai ɗigonsa ya zama kore.

Injiniya Balaraba Haladu ce ta ƙera ta. Ran nan tana tsaye da kofin shayi har allon ya yi kore shar. Ta duba nata saƙon: "Baba Haladu, Tudun Gawo. Lafiya lau." Ta ajiye wayar.

Mahaifin nata ne ya kafa kamfanin, shekara arba'in da shida da suka wuce. A lokacin, mutumin Tudun Gawo sai ya hau dutsen bayan gari kafin wayarsa ta kama. Haladu mai gyaran rediyo ne. Ya ɗaura eriya a kan wani dogon gawo, ya haɗa ta da faifan sola biyu da batirin babbar mota, ya kafa rumfa a gindin bishiyar. In aka kira wani, shi zai hau keke ya kirawo shi daga gona. Manoma tara suka haɗa hannu aka kafa turken eriya na biyu a kasuwar Kwanar Ɓaure. Daga nan turke ya yi ta bin turke, cikin fadama da ruga, wuraren da manyan kamfanoni suka ce ba su isa a waiwaye su ba. Bayan shekara ashirin, jirage marasa matuƙi da ke shawagi can sama suka karɓi aikin turakun. Hedikwata ta koma Birnin Rana, garin da aka gina don masu aikin na'ura. Haladu ya ƙi bin ta. Ya ce gawonsa bai iya hawa jirgi ba.

Da Balaraba ta kama aiki, sai ta gano cewa cikin kowane minti goma da ake yi a layinsu, bakwai gaisuwa ce. Ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara, ya ruwa. Ta nazarci kira miliyan ɗari, ta ga amsoshin ba sa canzawa. Sai ta dunƙule su duka: tambaya ɗaya, amsa ɗaya, na'ura ta yi, mutum ya huta. Layi ya samu sarari. Mutane suka daina jin kunyar cewa sun kwana biyu ba su gaida kowa ba.

Da hantsi aka ce mata tana da baƙuwa. Goggo Tasallah ce, ƙanwar mahaifinta, da ƙullin kaya a hammata.

"Ke 'yar Haladu, ƙofar nan taku ba ta da tarbiyya. Sau uku na yi mata sallama, ta ce wai in nuna mata idona."

"Goggo! Sannu da hanya. Ai da kin kira, da na aiko an ɗauko ki."

"Na kira. Muryarki ta amsa, ta tambaye ni kwana, ta yi mini godiya har sau biyu. Ban taɓa jin kin yi ladabi haka ba. Nan na san ba ke ba ce."

Balaraba ta yi dariya, ta jawo mata kujera. Goggo ba ta zauna ba.

"Yau kwana goma sha tara ubanki bai taka ƙasa ba."

Balaraba ta ɗauko waya ta nuna mata ɗigo goma sha tara a jere, duk kore. "Duba nan, Goggo. Kullum ana gaishe shi. Shi da bakinsa yake cewa lafiya lau."

"To me kike so ya ce? Tambayar farko ce fa. Wane dattijo ne ke buɗe ciwonsa a tambayar farko? Ke a wane gari aka haife ki?"

A hanyarsu ta zuwa Tudun Gawo, cikin jirgin ƙasa mai gudu a kan maganaɗisu, Balaraba ta buɗe ma'ajiyar muryoyi ta saurari amsoshin mahaifinta ɗaya bayan ɗaya. Kalmomin iri ɗaya ne. Amma a rana ta huɗu akwai ɗan jinkiri tsakanin "lafiya" da "lau". A ta goma, yana jan numfashi kafin ya fara. A ta goma sha bakwai, bayan ya amsa, bai kashe ba. Ya yi shiru kamar mai jiran wani abu, har muryarta ta ce masa sai an jima. Sallamau kalma take ɗauka. Jinkiri da numfashi, ita Balaraba ce ta koya mata ta zubar da su a matsayin hayaniyar layi.

Ta umarci ma'ajiyar ta nemo mata irin wannan jinkirin a gaisuwar safiyar ranar kaɗai. Kafin su isa Kwanar Ɓaure amsa ta zo: gida dubu arba'in da ɗaya. Ta tura wa shugabannin kamfanin, ta ce a tsayar da na'urar. Suka amsa cewa sun gode da wannan hangen nesa, za a ƙara tambaya ta biyu da ta uku a Sallamau ta gaba.

Gawon yana nan, da tsohuwar eriyar ta yi tsatsa a kansa. Haladu yana kwance a ɗakin kusa da zaure, an lulluɓe masa ƙafa da zane. Warin ya riga ya gaya mata abin da ke ƙarƙashi.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau, uwata." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Ya jiki?"

"Da sauƙi."

Ta zauna a ƙasa kusa da gadon.

"Baba, ya ƙarfin jikin?"

Ya dubi rufin ɗaki. "Ƙafar nan ce. Ƙusa na taka a gindin gawo. Ta ƙi ni."

"Me ya sa ba ka neme ni ba?"

"Kullum kina nemana. Ina jira ki sake tambaya, sai in ji kin yi sallama."

"Na'ura ce, Baba."

"Ni za ki gaya wa na'ura? Ni na fara ɗaura waya a ƙasar nan." Ya yi ɗan murmushi. "Amma muryarki ce. Ban iya tarar ta da kuka tun daga bakin ƙofa ba."

Jirgin asibiti ya sauka a filin makaranta cikin minti goma sha biyu. Likitar ta duba ƙafar, ta duba jini, ta ce da mako biyu da suka wuce ne, da allura ta isa. Haladu ya cika ranar Alhamis da hantsi.

Goggo Tasallah ta aro tabarmi ashirin, ta sa aka shimfiɗa su daga ƙofar gida har gindin gawo, aka ɗora manyan tukwane. Ta ce mutumin da ya haɗa ƙauye ɗari huɗu, sai an rasa wurin zama a makokinsa.

Da la'asar Balaraba ta leƙa ta zaure. Mutum bakwai ne a waje: liman, maƙwabta biyu, da tsofaffi huɗu da suka rage cikin manoman nan tara. Sun taru a kan tabarma ɗaya.

Wayarta ta motsa. "An yi miki ta'aziyya miliyan biyu da dubu ɗari uku. Sallamau ta amsa duka a madadinki." Ita da kanta ta rubuta wannan sashen bara, har aka ba ta lambar yabo.

Goggo ta zo ta tsaya a bayanta, ta daɗe tana kallon tabarmin.

"A naɗe su?"

"A bar su, Goggo. Wataƙila gobe."

"Goben me?" in ji Goggo, tana nuna wayar da ke hannun Balaraba. "Ai sun riga sun zo."