Irin da Baba Barau Ya Ce a Daka

"Sauko da shi ki daka."

Barakatu ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta dubi mahaifinta. Baba Barau yana ƙofar madafa cikin farar riga, yana nuna zangarniyoyin dawa da ke rataye a saman murhu, inda hayaƙi ke tsare su daga ƙwari.

"Baba, iri ne fa."

"Ni za ki faɗa wa? Ni na rataye shi. Sauko da shi a yi tuwo."

Wata unguwar Kirista ce a bayan Sheme, a shekarar da ta biyo bayan babban fari. Bara rana ta dushe da tsakar rana. An canza kuɗi, an daina fam da sule. Motoci ma an mayar da su ɗaya hannun. Sai ga wani mai wa'azi a kan babur da lasifika, ya tattara waɗannan duka ya ce alamu sun cika, Almasihu zai dawo kafin a yanke gero. Mutane suka saurara, suka koma gyaran gonakinsu. Baba Barau kaɗai ya ɗauka. Ya ɗinka farar riga, ya buɗe rumbu ya rabar da ɗan abin da fari ya bari, ya ce bana ba mai taɓa gandu.

Ga kuma al'adar wurin: saurayi yakan yi wa uban yarinya noman gandu damina uku kafin a ba shi ita. Nata'ala, mai neman Barakatu, ya yi biyu. Bana ce ta uku. In ba shuka, ba noma. In ba noma, ba aure.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba," in ji Barakatu. "Ba zan ɓoye shi in ce na daka ba. Amma hannuna ba zai sa irin nan a turmi ba."

"Ashe ke ma ba ki gaskata zai dawo ba."

"Na gaskata. Mai babur ne ban gaskata ba. Mutumin da ya ce saura wata huɗu, me zai yi da sabon babur? Ko ledar kan sirdin bai ɓare ba."

Fuskar tsoho ta murtuke. "Aure ne ya rufe miki ido. A zamanin Nuhu ma bikin aure suke yi ruwa ya ci su. Fitar min da dawar nan daga gida. Kada kuma ki ƙara ce min Baba sai Ubangiji ya zo ya raba mu."

Inna, uwar Barakatu, tana bakin murhu. Ta miƙe, ta taka turmi, ta kwanto irin, ta ƙunshe a zane.

"Maigida, gandu naka ne. Gayauna kuwa tawa ce tun ranar da aka kawo ni gidan nan."

Gayauna ita ce 'yar gonar da mace ke nomawa don kanta. Ba mijin da ke da iko da ita, Baba Barau ya sani. Ya yi tsaki ya fita.

Da aka yi ruwan shuka, Nata'ala ya zo da sungumi a kafaɗa, ya durƙusa a zaure.

"Baba, na zo cika ta uku."

"Ka zo dai ka gwada min kai ne mai hankali. Tashi. Wanda ya sa ƙarfe a ganduna bana, ya yi jayayya da Allah."

"To auren fa, Baba?"

"A sama ba a aure. Ka ci gaba da jira, za ka huta da neman kayan lefe."

Nata'ala ya fito yana huci. Ya tarar da Barakatu a bakin rijiya, ya jefar da sungumi a ƙasa.

"Damina biyu na karya bayana a gonar tsohon nan, yau ya kore ni kamar akuya. Na gama. Ana ɗaukar lebura a Kaduna, gine-gine ko'ina, kuɗin mai ya cika gari. Ki shirya kayanki, ranar kasuwar Ƙanƙara akwai mota. Can ba mai tambayar damina nawa na yi, sa hannu kawai ake yi a ofis."

Barakatu ta ajiye guga.

"In bar Inna da wa? Rumbu ba ƙwaya. Ka san haka."

"Ni na rabar da hatsin?"

"Kai da Baba duk ɗaya ne."

"Ni? Ni da shi?"

"E, kai. Shi ya ɗaga kai yana kallon sama, kai ka ɗaga kai kana kallon Kaduna, gona tana ƙarƙashin ƙafarku ba mai dubawa. Shi ya ce gobe ba za ta zo ba. Kai kuma kana yi kamar Ubangiji ba zai zo ba sam. In ya zo yau ya same mu a bayan mota, na sato kaina daga gidanmu, na bar tsofaffi biyu da yunwa, me zan ce masa? Ofis ya sa hannu?"

Hawaye ya zubo mata, ta share da bayan hannu cikin fushi.

"Ina sonka, ka sani. Amma ba zan bi ka ta bayan gida ba. Ga iri can wurin Inna. In za ka shuka, ka shuka. In Kaduna ce, Allah ya kiyaye hanya."

Ranar kasuwar Ƙanƙara mota ta tashi babu Nata'ala. Yana gayaunar Inna yana sara, Barakatu da uwarta suna bin bayansa suna zuba iri suna takewa. Abin da ya ragu ya kai gonarsa ya shuka. Baba Barau ya wuce su zai hau dutse yin addu'a, ya ce ba tare da ya tsaya ba, "Noman gayauna ba noman gandu ba ne. Kada ka lissafa shi."

"Na ji, Baba," in ji Nata'ala. Bai ɗago ba.

Daminar ta yi wa gidan tsanani. Tafasa da rama suka zama abinci. Maƙwabcinsu Malam Mamuda, Musulmi ne, yakan aiko da ɗan gero, ya ce kada a gaya wa mai gidan. Barakatu takan kai wa mahaifinta kwano ta durƙusa ta gaishe shi, ya kau da kai. Wata huɗu tana yi. Ba rana ɗaya da ta fasa, ba rana ɗaya da ya amsa.

Aka yanke gero. Aka ɗaure, aka kwashe. Sama tana nan yadda take. Mai babur bai sake biyowa ta hanyar ba. A majami'a ba wanda ya ce wa Baba Barau komai, shirun kuwa ya fi zagi zafi. Ya daina hawa dutse. Farar rigar ta koma kalar ƙasa. Gandu ya cika da ciyawa har kan mutum.

Da dawa ta nuna, Nata'ala ya yanke ta gayauna, ya haɗa da ta gonarsa, ya yi ta jido dami yana jibgewa a gindin rumbun Baba Barau. Tsoho yana zaune a tsakar gida, ya kasa dubansa.

"Wa ya ce ka kawo? Ban shuka ba, ba zan ci ba."

"Dawarka ce, Baba. Irin gidan nan ne."

"Ka zo ka yi min dariya ne."

Barakatu ta fito riƙe da faifai. A kai akwai zangarniyoyi mafi cika da ta zaɓo ɗaya bayan ɗaya, da igiyar rama. Ta durƙusa ta ajiye a gabansa. A gidan nan mai gida ne kaɗai ke rataye iri. Kowa kuma ya san abin da rataye shi ke nufi: ka yarda akwai baɗi, ko da ba ka da tabbacin ganinta.

"Wataƙila ya zo kafin a shuka shi," in ji ta. "In ya zo, madalla, ba abin da muka rasa. In bai zo ba, za mu ci. Ranar tasa ce, bai gaya wa kowa ba. Namu shi ne ya same mu muna abin da ya bar mana."

Baba Barau ya daɗe yana kallon faifan. Ya ɗauki zangarniya ɗaya ya murza da yatsa. Sa'an nan ya miƙe ya shiga madafa. Turmin ya yi rawa da ya taka, Nata'ala ya ruga ya riƙe masa. Tsoho ya ɗaure igiyar, ya ƙulla sau biyu. Hayaƙi ya shiga idonsa, ko dai haka ya ce.

"Riƙe da kyau, kai. Damina uku kana noma, turmi ma ba ka iya riƙewa ba."

Nata'ala ya ɗago kai. "Uku, Baba?"

"Kurma ne kai? Ka turo manyanka ranar Lahadi bayan sujada." Ya sauko, ya dubi ɗiyarsa. "Ke kuma kin tsaya kina kallona. Ba za ki ba ubanki ruwa ba ne?"

"To, Baba," ta ce, ta fita da sauri kafin kuka ya ƙwace mata.

Aka ɗaura aure bayan Kirsimeti. Da dawar nan aka yi tuwon biki.

Ku yara, ku ji. Ubangiji zai dawo, wannan ba shakka. Amma bai ba kowa ranar ba, ko da mutum ya zo da lasifika. Jiransa ba zama ba ne, ba kuma gudu ba ne. Ka girmama iyayenka ko sun ɓata, ka riƙe alkawarinka, ka shuka gonarka, ka rataye irinka. Barakatu ta yi haka, ta sami mijinta ta ƙofar gida, ta kuma sami ubanta.