Rasuwar 'Yardada

A gindin Goron Dutse suka haɗu bayan la'asar, cikin wata tsohuwar fijo mai baƙin gilashi. Shekarar da soja suka koma bariki ce. An kwashe shingaye daga tituna, kowa na murna. Ilu, shugaban gungun, shi ma murna yake.

"Kamfanin Alhaji Hashim na Ƙofar Mata," in ji shi. "An sauke gwal daga Jidda. Haruna, yi mana bayani."

Haruna tsohon direban kamfanin ne, an kore shi bara kan satar fetur. Maraya ne. Gwaggo Indo, mahaifiyar Alhaji, ita ta goya shi a Kabara.

"Oga, wurin ba ya shiguwa. Katanga da kwalabe, ƙofar ƙarfe biyu, ɗan sanda da bindiga. Baƙo ma sai an rataya masa kati."

"Ƙarfe ba ya buɗe kansa, baaba. Mutum ke buɗe shi. Me zai kwashe ma'aikatan gaba ɗaya?"

"Gobara," in ji Nura, na ukunsu.

"Banza! Gobara tara jama'a take. Mutuwa ce ke kwashe su." Ilu ya juyo. "Tsohuwar nan, da wane suna Alhaji yake kiran ta a cikin gida?"

Haruna ya kawar da kai.

"Ko ka manta yadda ya kore ka a gaban leburori?"

"'Yardada," in ji Haruna a hankali. "Daga ni sai shi muke kiran ta haka. Amma Oga, kada a taɓa kowa. Musamman Baba Audu maigadi."

"Ko ƙuda ba za mu kashe ba."

Ranar Talata da hantsi, lokacin da aka buɗe sito ana fitar da kaya, Nura ya hau falwaya ya datse wayar tarho. Ilu kuwa ya iso ƙofa a kan babur, cikin farar riga, ƙafa duk ƙura.

"Salamu alaikum! Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ina Alhaji?"

Baba Audu ya miƙo katin baƙi, sai hannunsa ya tsaya. Wa zai rataya wa mai kuka kati? Ya buɗe ƙofar farko. Ya buɗe ta biyu.

"Alhaji, sai haƙuri," in ji Ilu a tsakar ofis. "'Yardada ta cika. Ana wanka yanzu, kai kaɗai ake jira."

Alhaji ya dafa tebur. Sunan nan ya gama da shi.

Malama Hafsat, mai kula da sito, ta ɗaga tarho ta ji shiru. "Malam, don Allah wa ya aiko ka?"

"Haba Hafsat!" manaja ya daka mata tsawa. "Ana tambaya a mutuwa?"

Ta sunkuyar da kai.

Kafin ka ce kwabo, kamfani ya watse. Akawu, leburori, masinja — kowa na gudun kada a kai ta ba shi. Ɗan sanda ya faɗa gaban motar Alhaji. A hanya Alhaji ya tsaya ya sayi likkafani. Mata ba sa bin gawa, don haka aka bar Hafsat da tsohon maigadi, da sito a buɗe.

Fijo ta shigo da baya. Haruna ne a sitiyari, ya ja hula har gira.

"Kwanta! Kwanta, ko in fasa kanki!" in ji Ilu.

Hafsat ta zube. Nura ya shige sito — akwati ɗaya, akwati biyu — but ɗin mota ya cika. Ilu ya cire farar riga, bindiga ta bayyana.

Baba Audu bai ga bindigar ba tukuna. Idonsa ya yi rauni. Ya dogara sanda ya zo gefen direba, ya leƙa.

"Haruna? Kai ne, ɗan nan? Ashe ba ka ji ba? Gwaggonka ta rasu. Allah ya ba ka haƙuri. Maza ka je, kada su kai ta."

Haruna ya kasa ɗaga kai.

"Ya gane shi!" in ji Nura.

"Oga, ka yi alkawari —"

Tau!

Tsohon ya zame jikin mota, katin baƙi na hannunsa.

"Ja mota, shege! Ja!"

A Kabara, jama'a sun cika lungu suna salati. Alhaji ya kutsa cikin gida, likkafani a hammata. Ya tarar da mahaifiyarsa a kan tabarma tana tsince shinkafa.

"Hashimu, lafiya? Wa ya mutu?"

Ya durƙusa yana taɓa ƙafarta kamar yaro. Sai da aka yi ta jan bakinsa kafin ya iya bayani.

Sufeto Sule ya iso daga baya, bayan Hafsat ta ruga caji ofis ba takalmi. Ya tsuguna ya gaishe da tsohuwa.

"Gwaggo, kin san mai farar rigar?"

"Ban san shi ba. Me ya ce?"

"Ya ce 'Yardada ta cika," in ji Alhaji.

Ta ajiye faifai.

"Mutum biyu ke kira na haka. Ɗaya ga shi a gabana." Muryarta ba ta girgiza ba. "Ɗaya yana kwana a bayan Goron Dutse. Ni na ba shi nono da cokali. Ku je. Amma Sufeto, don girman Allah, ka kawo mini shi da ransa."

Ba su samu dama ba.

A wani kango bayan dutsen, Ilu na sauya lambar mota. Haruna na tsaye, jinin Baba Audu a ƙofar direba.

"Ka ce ko ƙuda."

"Ƙuda ba ya kiran suna. Yanzu duk Kano ta san naka." Ilu ya dubi Nura. "'Yan sanda za su fara da shi. Mari biyu zai rera sunayenmu."

"Wallahi ba zan faɗa ba!"

"Wanda ya sayar da sunan uwarsa? Namu nawa yake?"

Jiniya ta taso daga nesa. Tau! Tau! Fijo ta fece.

Sufeto ya samu Haruna a kife, bakinsa na motsi. Ya kai kunne. Ba sunan Ilu yake kira ba, 'Yardada yake kira.

An kama Nura a hanyar Maraɗi bayan sati. Ilu da gwal, har yau shiru.

Jama'ar da suka taru don Gwaggo, su suka sallaci Baba Audu da la'asar. Likkafanin da Alhaji ya saya shi aka sa masa.

Aka ƙara tsawon katanga, aka kawo ɗan sanda na biyu. Aka kafa doka: duk labarin da ya zo, ko na mutuwa ne, ba mai tashi sai an aika an gani da ido. Doka ce mai kyau. Da ran tsoho aka saye ta.

Ranar da asibiti suka saki gawar Haruna, Gwaggo ta roƙi wani dattijo maƙwabcinta ya je kamfani ya faɗa wa waɗanda suka ci kwano ɗaya da shi shekara da shekaru. Dattijon ya tsaya a ƙofar ƙarfe ya yi sallama, ya ce an yi rasuwa, za a yi jana'iza bayan azahar.

Sabon maigadi bai buɗe ba. Ya leƙo ta 'yar taga.

"Baba, wa ya aiko ka?"