Zoben da ke Aljihun Malam Don-Me

Idanunsa kawai ta fara gani, takunkumi ya rufe sauran. Ranarta ta farko ce a ɗakin tiyata. Ta ɗauko almakashi, sai nas ɗin da ke horar da sababbi ya raɗa mata, "Don me wannan, ba wancan ba?"

"Haka aka koya mana."

"Aku ma haka yake cewa."

Ranar nan Auta ko abinci ba ta ci ba don haushi. Ta laƙaba masa Malam Don-Me. Duk majinyacin da aka fito da shi sai ya tsare ta: me kika gani, me aka gaya miki, me kike zato? Haushin, kamar yadda ya saba, ya rikiɗe ya zama ciwon da ya fi shi.

"Ɗalibata," ya rubuto mata, "zuciyata na bugawa fiye da ƙima. Mene ne dalili?"

"Shayi ya yi maka yawa, Malamina."

Da maganar aure ta taso, Baba ya ƙi. "Namiji nas? Likitocin asibitin ƙarewa suka yi?"

Ana cikin haka wata abokiyar aikinta, da ita ma ta ɗora masa ido, ta tsegunta mata cewa akwai zoben mace a aljihunsa. Auta ta leƙa, ta gani. Ta daina ɗaga wayarsa. Ta zauna, ta tashi, ta sake goge teburin da ta riga ta goge.

Inna ce ta gaji. "Ke da ko gishiri na zuba sai kin ce don me, shi kin tambaye shi?"

Washegari Auta ta tare shi wajen wanke hannu. "Zoben wace ce?"

"Tsohuwar gadon ƙarshe. Ba a shiga tiyata da zobe. Mijinta marigayi ya ba ta, ta ce in riƙe har ta warware, 'ya'yanta sayarwa za su yi."

Auta ta juya ta nufi ɗakin majinyata.

"Ba ki yarda ba?"

"Wannan gaya mini aka yi."

Ya yi dariya har takunkumin ya zame.

Tsohuwa ta tabbatar, har da zagin 'ya'yanta. Da labarin ya isa gida Baba ya ce, "Likitoci da yawa, masu amana ne kaɗan. Ya turo magabatansa."

Aka ɗaura aure, suka tare, suka ci gaba da gardama. Allah ya ba su zaman lafiya, ya jinkirta ranar da ɗayansu zai yi tambaya a ɗaki babu mai amsawa.