Shafuka Biyu da Suka Ɓace a Santa Rufina

Da la'asar ranar Laraba aka kira ofishin 'yan sanda: an tsinci gawar Eusebio, tsohon malamin firamare da kowa ke kira Manong, wato Yaya, a gindin matakalar cocin Santa Rufina, ƙeyarsa a fashe.

Sufeto Crisanto Villamor bai so zuwa ba. Rabonsa da ƙauyen shekara shida, tun ranar da dutsen da kamfani ke fasawa ya zaftare bayan ruwan sama, ya binne gida goma sha huɗu. Yana cikin waɗanda suka yi kwana tara suna tono.

Kusa da gawar akwai jakar takardu. Marigayin ne ke jagorantar masu neman dokar hana fasa dutse. Idan kashi goma cikin ɗari na masu zaɓe suka sa hannu, dole a kai maganar akwatin ƙuri'a, mutanen gari su yanke da kansu. Ranar Juma'a za a miƙa takardun ga hukumar zaɓe.

Sufeto ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Daga na arba'in sai na arba'in da uku.

An ga babur ɗin Gaudencio, shugaban leburorin kamfanin, a ƙofar cocin da rana. Aka kawo shi ofis.

"Ina kake da tsakar rana?"

"Wurin aiki, yallaɓai."

"Babur ɗinka ne ya zo ibada shi kaɗai?"

Sufeto ya turo masa shafin ƙarshe, ya ɗora yatsa a kan sa hannun Gaudencio.

"Na zo," in ji Gaudencio a hankali. "Hannu na sa. Ƙanena yana ƙarƙashin ƙasar nan, har yau ba a same shi ba. Manaja ya ji wannan, aikina ya ƙare."

"Yaya ka bar malamin?"

"Da ransa. Ya ce mini, 'Yaro, ka tabbata ƙanenka ya mutu?' Na ce wace irin tambaya ce wannan, Manong? Sai ya koma kan takardunsa."

A gidan marigayin, matarsa ta miƙo wani littafi da yake rubutu a ciki. A shafin ƙarshe ya rubuta "41 da 42", a ƙarƙashi sunaye talatin da ɗaya, kowanne da ɗan gicciye a gefe.

Sufeto ya karanta: sunayen waɗanda dutsen ya binne ne. Na bakwai Marisol Tabada ce, 'yar shekara goma sha tara. Shi ya ɗauko ta daga cikin laka da hannunsa, da fil ɗin gashi ja a kanta. A gaban sunanta malamin ya rubuta: ta sa hannu watan jiya.

"Wa aka ba waɗannan shafukan ya zaga da su?"

"Luz Tabada," in ji matar. "Uwar yarinyar. Mai sayar da kyandir a ƙofar maƙabarta."

Washegari da safe ya same ta zaune a gindin bangon da aka rubuta sunayen mamatan, tiren kyandir a kan cinyarta. Mijinta da 'ya'yanta biyu suna jikin bangon.

"Manang Luz," ya kira ta da laƙabin girmamawa, "yaushe rabonki da Manong Eusebio?"

"Tun Lahadi da na mayar masa da takardunsa."

"Ɗaga tiren nan."

Ba ta motsa ba. Bakin takarda ya leƙo ta ƙarƙashinsa, a yage.

"Me ya hana ki ƙone su?" ya tambaya.

Ta ɗago ta dube shi sosai. "Kai ne ka kawo mini Marisol. Na gane ka. Kai za ka iya sa wa sunanta wuta?"

Ta zaro shafukan, ta shimfiɗa su a gwiwarta tana gyara inda suka yamutse.

"Kafin dutsen ya faɗo, sau uku muka je majalisar gari, mu duka. Mijina ya yi magana har muryarsa ta dushe. Suka ba mu kofi, suka raka mu bakin ƙofa. Yau an ce talaka zai yi doka da hannunsa, sai a ce mamatanmu ba sa ciki? Su suka fara nema, Sufeto. Na bi bangon nan na rubuta duk wanda ya isa zaɓe, na sa masa hannu."

"Malamin ya gane," in ji Sufeto.

"Rabinsu shi ya koya musu riƙe fensir. Jiya ya kira ni coci, ya ce hukuma za ta gano, a soke duka, wahalar wata takwas ta tashi a banza. Ya ce zai yaga su. Ya riƙe, na riƙe. Na fizge da ƙarfi, ƙafarsa ta zame. Yana numfashi lokacin da na tafi. Ban kira kowa ba."

Sufeto ya karɓi shafukan ya sa a ambulan. Wani kofur da ke bayansa ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai.

Ta miƙe, ta ajiye tiren a gindin bangon.

"Abu ɗaya, ɗana. Idan babu su, adadin zai cika?"

Ya riga ya ƙirga sau biyu a ofis. Ya so ya yi mata ƙarya, ya kasa.

"Ya cika, Manang. Har ya wuce da goma sha biyu."

Ta daɗe tana kallon bangon.

"Ashe a nan ma ba a buƙace su ba," ta ce.

Ta shige gabansu zuwa mota. Kafin su kai, ta buɗe ƙofar baya da kanta.