Gaisuwar da Ta Kusa Ƙona Gahawa

Baba ya tsaya gaban madubin falo yana karkata hula, yana duba gemun da ya sha rini, kamar ba 'yarsa Auta ce ke kuka a bayansa ba.

"Haba Dadi, filis. Ko sau ɗaya ka je ka ga sabon shagon nasa."

"In ga me? Duk samarin duniya ki rasa wanda za ki aura sai mai ƙona wake? Ni da ake kwatance da ni wajen ƙamshi, a ce surukina yana warin hayaƙi?"

"Gahawa ce, Dadi, gasa ta yake. In ta shiga inji ko wayata ba ya ɗagawa, sai ya kasa kunne ya ji ta fara ƙas-ƙas. Minti ɗaya ya yi sakaci, ta ƙone."

Baba ya yi wani murmushi. Mama, da ke ninke kaya a gefe, ta san murmushin nan sarai.

Washegari da hantsi ya doshi shagon. Ɗan ɗaki ne mai tebur huɗu, buhuna jingine da bango, inji na juyawa a lungu, ga wani ƙamshi da Baba ya ƙi yarda ya yi masa daɗi. Sai da yaron ya juye gahawa a inji sannan Baba ya yi sallama. Dabararsa ba ta da ƙofar fita: in yaron ya katse gaisuwa, ba shi da tarbiyya; in kaya suka ƙone, bai iya sana'a ba.

Mai Gahawa ya durƙusa. Baba ya tambayi gida, ya tambayi iyaye, ya tambayi kaka, ya tambayi gajiya, sannan ya koma kan gida. Can sai ƙas-ƙas ta tashi. Gumi ya keto wa yaron. Baba ya gyara zama, ya tambayi gwiwar kawunsa.

"Da sauƙi, Baba."

"Ba ka jin kayanka na shirin ƙonewa?"

"Ina ji, Baba. Gahawa akwai wani buhu. Kai kuwa ba ka gama magana ba."

Sai ga ƙarar gahawa na zubowa cikin faranti — shaa. Mama ce tsaye bayan inji, ta shigo ta ƙofar baya, Auta na nuna mata inda ake ja.

"Ke kuma yaushe kika iya wannan?"

"Shekara talatin ina sauraron tukunya kana surutu a kaina. Wace ce ta taɓa ƙonewa?"

Aka kawo wa Baba ɗan kofi, da sukari a gefe. Ya ture sukarin, don kada a ce baƙo ne a shan gahawa. Kurɓa ɗaya, ɗaci ya kawo masa hawaye.

"Dadi, kuka kake?"

"Tausayin kaina nake. An haɗe min kai a gidana." Ya share ido da bakin riga. "Ai dama gwada shi na zo yi, tun jiya na san yaron kirki ne. Kai yaro, ka turo manyanka."

Haka haƙuri ya ba Mai Gahawa mata, don wanda ya yarda ya rasa kayansa kada ya yanke wa babba magana, ba zai wulaƙanta 'yar mutane ba. Baba kuwa yanzu yana da kujerarsa kusa da taga, yana gaya wa kowa shi ya gano yaron. Sukarin da yake zubawa a ɓoye kuwa yana aljihunsa.